Tambayoyin da malamai ke yawan yi kan koyar da zuwan Turawa da turjiyar mutanenmu

Tun da aka dawo da tarihi cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare, malamai da yawa a nan Katsina aka miƙa masu darasin alhali ba shi suka karanta ba, wani Hausa ya yi, wani soshiyal, wani ma Islamiyya, kawai firinsifal ya kira ka ofis ya ce malam kai za ka riƙe mana tarihi wannan zangon. Kuma babin da ya fi ba mutane wuya shi ne na zuwan Turawa. Tambayoyin nan su ke ta maimaituwa duk inda muka haɗu, shi ya sa na tara su wuri guda.

Malam ai mu Katsina ba a yi yaƙi da Turawa ba, to me zan koyar?

Gaskiya ne ba a yi ba. Lugga (Lugard), Baturen Ingila da ya jagoranci cin Arewa, ya iso Katsina ƙarshen watan Maris na 1903 bayan ya gama da Sakkwato, Sarki Abubakar ya tarbe shi, ko kibiya ɗaya ba a harba ba. To amma in ka tsaya nan ka yanke labarin a tsakiya, domin sarkin nan da ya tarbe su lafiya bai daɗe ba suka cire shi suka kai shi Ilori, suka naɗa Yero, shi ma a 1906 suka cire shi suka kai Lakwaja, suka ɗauke sarautar gaba ɗaya daga gidan Dallazawa da ke riƙe da ita tun zamanin Ummarun Dallaje suka ba Durɓi Muhammadu Dikko, Basulluɓe, wanda ya yi mulki har 1944. Sarki biyu cikin shekara uku da 'yan watanni, a garin da aka ce ya miƙa wuya. Rubuta wannan a allo ka tambayi yara, in da gaske komai lafiya lau ne me ya sa Turawa suka yi ta cire sarakuna? Za ka ga hannuwa sun tashi.

Abin da nake so yara su gane shi ne turjiya ba sai da takobi ba. Akwai jan ƙafa, a ce a kawo hatsi bariki ka ce to amma sati ya wuce ba a kawo ba, akwai ɓoye shanu ranar ƙirgar jangali, akwai tashi da dare a ƙetara iyaka zuwa ƙasar Faransi in haraji ya yi zafi, su ma na can su gudo nan in nasu ya fi zafi, akwai ƙin kai yaro makarantar boko, akwai waƙa da habaici. Irin wannan turjiyar ita ce ta Katsina, kuma ni a ganina ta fi koya wa yaro tunani a kan labarin dawakai da ƙura.

Daga wace shekara zan fara?

Kar ka fara da 1903. Ja layi a allo ka sa masu 'yan shekarun nan kawai: taron Balin na ƙasashen Turai kan rabon Afirka 1884 zuwa 1885, kamfanin Royal Niger ya kai wa Bida da Ilori yaƙi 1897, ranar 1 ga Janairu 1900 Lugga ya kafa tuta a Lakwaja ya ce Arewa ta shiga hannun Ingila alhali mafi yawan ƙasar ko ganinta bai yi ba, 1901 aka ci Kwantagora da Bida da Yola, 1902 Bauci da Zazzau, 3 ga Fabrairu 1903 Kano, 15 ga Maris Sakkwato a filin Giginya, 27 ga Yuli Burmi, sai 1906 Satiru da Haɗeja. Ya isa. Yaro ya ga ashe ba rana ɗaya aka ci ƙasar ba, gari-gari aka bi, kuma duk garin da za a faɗa wa yana jin labarin na gabansa.

Makarantarmu ko laburare babu, littafin ma ɗaya ne a hannuna. Da me zan yi aiki?

Malama kayan aikin suna cikin gari, wasu ma suna cikin adakar kakarki. Ki nemo kwabo mai huji ko anini na zamanin Turawa, tsofaffi da yawa suna da shi a ajiye, ki haɗa da 'yan wuri guda biyar ko shida ki ba yara su zagaya da su layi-layi. Su juya kwabon su ga hujin tsakiya, su ga tauraro mai tsini shida, su ga sunan sarkin Ingila a zagaye, sannan su ga rubutun Larabci a jiki. Sai ki tambaye su, wa aka yi wa rubutun Larabcin nan? Me ya sa wanda ya ci ƙasa da bindiga zai damu ya sa rubutun da mutanen ƙasar ke iya karantawa a jikin kuɗinsa? Daga nan ki shiga maganar haraji, da yake da wuri da hatsi ake biya, da aka ce sai da kuɗin Bature dole mutum ya noma abin da Bature zai saya ko ya tafi ƙwadago, kuma da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai gyaɗa ta zama ita ce hanyar samun kuɗin. Kwabo ɗaya ya ishe ki darasin minti arba'in.

Sannan fita. Gani ya kori ji. Ƙofar 'Yanɗaka tana nan, ta nan Lugga ya shigo gari. Ragowar ganuwa tana nan a wasu wurare duk da an cinye mafi yawanta da gine-gine, yara su tsaya gindinta su ƙiyasta kaurinta su yi tunanin me igwa za ta yi mata. Tsohuwar Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yanzu gidan tarihi ce, ki rubuta takarda ta hannun firinsifal kafin ku je. Akwai kuma Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, da sashen tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Wanda ke son takardun Turawan su kansu, rahoton Razdan da na Di'o, sai Kaduna, gidan adana takardu na ƙasa da Gidan Arewa, wannan na malami ne ba na yara ba, amma shafi ɗaya in ka samo ka yi fotokwafi ka fassara masu ya fi shafi goma na nots.

Sai tsofaffi. Babu sauran wanda ya ga 1903 da idonsa, amma akwai waɗanda suka ga Di'o yana rangadi, suka ga dogarai da 'yan doka na En'e, akwai waɗanda iyayensu aka ɗiba aikin tilas na haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin duniya na biyu. Ki ba kowane yaro tambaya uku ya kai gida, ya gaishe da kaka ko baba tsoho yadda ya kamata, ya nemi izini kafin ya ɗauki murya a waya, ya rubuto abin da aka ce masa ba tare da ya gyara ba.

Akwai abin da mutanenmu na lokacin suka rubuta da kansu, ko duk na Turawa ne?

Akwai sosai, kuma nan ne daɗin abin yake. Waziri Buhari na Sakkwato, wanda bai bi Sarkin Musulmi Attahiru hijira ba ya dawo ya zauna da Turawa, ya rubuta risala da Larabci yana bayyana wa malamai dalilinsa, yadda ya ji tsoron halakar jama'a, yadda ya nemi shawarar masana kafin ya yanke. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga da Karaci cikin Gana ta yanzu, ya yi waƙoƙi da Hausa da Larabci kan zuwan Nasara. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, Turawa suka naɗa shi a 1903 kuma su suka cire shi suka kai Lakwaja, shi ma mawaƙi ne kuma waƙoƙinsa cike suke da zance mai harshen damo.

Na kusa da mu kuwa Ganɗoki ne na Malam Bello Kagara, wanda ya koyar a Kwalejin Katsina daga baya ya zama Walin Katsina. An rubuta shi ne don gasar da hukumar fassara ta Turawa ta shirya a Zariya a 1933. Farkonsa yaƙi ne da Turawa a ƙasar Kwantagora da kirari da bugun ƙirji, ƙarshensa kuma jarumin ya dawo ya tarar da zaman Turawa, shi ma ya amince da shi. Karanta masu farko da ƙarshe sannan ka gaya masu wa ya shirya gasar kuma wa zai buga littafin, ka bar su su haɗa lissafin da kansu.

In kana son muryar mace kuma talaka, akwai labarin Baba ta Karo da Mary Smith ta rubuta daga bakinta, ya fito a 1954. Baba tana yarinya Turawa suka zo, kuma abin da ta fi tunawa shi ne tsoron mahara masu kama mutane da yadda bayin gidansu suka watse. Ba irin labarin fada ba ne ko kaɗan, shi ya sa nake son a haɗa su.

Yara kullum sai sun tambaya, ya aka yi 'yan tsirarun Turawa suka ci ƙasa mai girma haka?

Fara da gyara masu hoton da ke kansu. Rundunar da Kanar Molan ya kawo Kano ba ta kai mutum 1,000 ba, Turawan cikinta ba su kai 50 ba, sauran duk baƙaƙe ne, da yawansu ma Hausawa da Yarabawa, wasu bayi ne da suka gudu suka shiga soja. Wannan kan girgiza yara, kuma ya kamata ya girgiza su.

Sai makami. Su suna da igwa mai fasa ƙofa da bindigar Maksim mai jigida, mu kuma doki da lifidi da mashi da kwari da baka da 'yan bindigogin toka, kuma tun 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Burasal ta taƙaita sayar wa Afirka bindigogin zamani. Dabarar da aka saba da ita, a yi sukuwa a afka wa abokan gaba, ita ce ta fi sauƙin kashewa in sojoji sun yi sahu mai kusurwa huɗu suna harbi, abin da ya faru ke nan a Kwatarkwashi inda Wazirin Kano Ahmadu ya rasu. Sannan gida ba lafiya: Kano ba ta daɗe da fita daga Basasa ta 1893 zuwa 1895 ba, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu a Oktoba 1902 Attahiru bai fi wata biyar a kan gado ba aka zo masa, Katsina na fama da Maraɗi, kowane sarki ya tsare garinsa shi kaɗai. Kar ka ba su dalili ɗaya, ba su duka su jera da kansu wanne ya fi nauyi su kare zaɓinsu.

To waɗanda suka miƙa wuya maciya amana ne ke nan? Ina da jikokin gidajen sarauta a ajina fa.

Nan ne ake son malami ya yi hankali da bakinsa. A aji ɗaya a cikin birni za ka iya samun ɗan gidan Dallazawa da ɗan gidan Sulluɓawa a benci guda, da jikan dogari, da wanda kakanninsa bayi ne bai ma sani ba ko ya sani ba ya so a sani. In ka ce wane jarumi wane maci amana, ka gama darasin tarihi ka buɗe na gori, kuma gobe uban wani zai zo ofis.

Abin da ke aiki shi ne ka mayar da su ranar da ba a san ƙarshen labarin ba. Raba aji uku ka ce yau farkon Maris 1903 ne, Kano ta faɗi, labari ya zo cewa igwa ta fasa ƙofa, ku ne majalisar sarki. Layin taga su kare a tsaya a yi yaƙi. Na tsakiya su kare hijira, a bar masu ƙasar a yi gabas. Layin ƙofa su kare a zauna a karɓe su a zahiri don a tsira da jama'a da addini. Duka ukun nan malaman lokacin sun yi muhawara a kansu da hujjoji, ba kai ka ƙirƙiro ba. A wani aji da aka yi haka wata yarinya daga layin ƙofa ta miƙe ta ce wa masu hijira, to ku da kuke da dawakai kun tafi, tsohuwar da ba ta iya tafiya da mai jego wa kuka bar wa su? Wani daga tsakiya ya ce ai wanda ya zauna shi zai riƙa karɓar wa Nasara haraji daga hannun tsohuwar. Malamin bai ce komai ba, rubuta maganganun biyu kawai ya yi a allo.

Bayan sun gama sai ka ba su abin da ya faru da kowane zaɓi. Attahiru ya yi hijira jama'a masu ɗimbin yawa suka bi shi, manoma suna barin gonakinsu, Turawa suka bi shi har Burmi a ƙasar Gombe ta yanzu, karon farko a watan Mayu mutanen Burmi suka kore su, karo na biyu aka kashe shi tare da ɗaruruwan mutane, shi ma Manjo Mash da ya jagoranci Turawan a nan ya mutu. Ɗan Attahiru, Mai Wurno, ya wuce da sauran har Sudan, garin da suka kafa a bakin kogin Nilu yana nan da sunansa. Sarkin Haɗeja Muhammadu ya tsaya ya yi yaƙi a Afrilu 1906 aka kashe shi a cikin garinsa. Waziri Buhari ya zauna, Sakkwato ta tsira daga ƙonewa amma ikon ya koma hannun Razdan.

Mu a Daura fa, labarin ɗaya ne da na Katsina?

A'a, naku ma ya fi ruɗa yaro, ruɗu mai amfani. Bayan jihadi Fulani suka riƙe birnin Daura, tsohon gidan sarautar Hausa ya koma Zango da Ɓaure. A 1906 Turawa suka cire sarkin Fulani suka dawo da Malam Musa daga Zango, ɗansa Abdurrahman ya hau a 1911 ya yi mulki har 1966. Wato zuwan da ya raba wani gida da sarauta shi ya mayar wa wani gida da tasa, sai yaro ya ga ashe ba kowa ne ya ji zuwan Turawa iri ɗaya ba. Kuma kuna da iyaka a bakin ƙofa. Ingila da Faransa sun zauna a 1898 da 1904 da 1906 suna ja da gyara layin nan ba tare da an tambayi kowa a nan ba. Tambayi aji wa ke da dangi a Magarya ko Matamai ko Damagaram, ka ƙirga hannuwa, sannan ka zana layin a allo. Na Jibiya da Kaita su yi haka da Maraɗi.

Satiru fa? Na ga wasu littattafan suna tsallake ta.

Suna tsallakewa don ba ta da daɗin faɗa. Ƙauye ne kusa da Sakkwato, talakawa da almajirai da bayin da suka gudu, masu aƙidar Mahadi, cikin jagororinsu akwai wani malami makaho da ake kira Ɗan Makaho wanda ya gudo daga ƙasar Faransi. A Fabrairu 1906 da gatura da fartanyu da baka suka kashe Turawa 3 da sojoji 25 suka ƙwace bindigar Maksim. A watan Maris aka dawo masu, aka kashe kimanin mutum 2,000 aka share garin, kuma sarakunan Sakkwato suna ɓangaren Turawa a wannan karon, don su ma tawayen ya tsorata su.

Ba za ka iya koyar da Satiru ba sai ka taɓo bauta, kuma ni ina ganin a taɓo. Turawa sun fake da hana cinikin bayi don su ci ƙasa, wannan gaskiya ne, kuma akwai bayi masu yawan gaske a ƙasar, wannan ma gaskiya ne. Dokarsu ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma bautar kanta ba su soke ta gaba ɗaya ba sai 1936, don ba su son su ɓata da masu gonaki da sarakunan da suke mulki ta hannunsu. Ɗan babbar sakandare zai iya riƙe duka biyun a kansa. Sharaɗi ɗaya, kar a kira sunan gidan kowa a aji.

Ajina akwai Kirista da 'yan wasu ƙabilu, kar abin ya koma faɗan addini.

Faɗa masu tun farko cewa Bature bai tambayi addinin wanda zai harba ba. Tibi sun yi ta fafatawa da su, mutanen Cibok sun riƙe duwatsunsu wata da watanni a 1906 zuwa 1907, ƙabilun Filato an yi ta kai masu hari shekara da shekaru, Benin an ƙone ta a 1897, matan Aba da kewaye sun tashi a 1929 kan haraji. Kowane yaro ya samu nasa a cikin labarin.

Ya kamata in kawo na wasu ƙasashe?

Ƙwarai, amma fara da maƙwabta. A Nijar akwai ayarin hafsoshin Faransa biyu, Bule da Shanuwan, da ya bi ƙasar Hausa a 1899 yana ƙone garuruwa, Birnin Ƙonni na cikin waɗanda suka fi shan wuya, Sarauniya Mangu ta tare su a Lugu, ƙarshe sojojinsu ne suka kashe su kusa da Maijirgi. A shekarar ce aka ci Damagaram a Tirmini aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Sannan ka sa yaƙin Adwa na Habasha kusa da yaƙin Omdurman na Sudan: a 1896 Menelik na Habasha ya ci Italiya don ya tara bindigogin zamani kuma sarakunansa sun haɗa kai, a 1898 kuwa mutanen Mahadi kusan 10,000 suka mutu a yini ɗaya, ɓangaren Ingila ba su rasa 50 ba.

In aji ya yi ƙarfi ka kai su Amurka. 'Yan asalin ƙasar, Lakota da Shayen, sun ci sojan Amurka a Little Bighorn a 1876, a 1890 kuma aka yi wa Lakota kisan gilla a Wounded Knee har mata da yara. Bambancin da za su lura da shi, can baƙin sun zo ne su zauna su karɓe ƙasar noma, har yau suna nan kuma su ne mafi yawa, nan kuwa 'yan kaɗan ne suka zo su yi mulki su kwashi haraji da gyaɗa da kuza, 1960 suka tafi.

'Yan firamare fa, in gaya masu kashe-kashen?

Ka ce an yi yaƙi mutane da yawa sun mutu, ya isa. Su a ba su ƙofa da kwabo da labarin kaka. Adadi da bayanin Satiru a bari sai sakandare.

Hotuna da bidiyon da ake turowa a WhatsApp da Facebook, in nuna masu?

Sai ka tantance. Sau da yawa hoton wani sarki ne na shekarun baya-baya ake liƙa wa sunan Attahiru, yanzu kuma ga waɗanda kwamfuta ke ƙirƙira, mahayi da rawani fes kamar ɗan fim. In ba a faɗi inda hoton yake ajiye da shekarar da aka ɗauke shi ba, kar ka ce wa yara wane ne. Ko kuma ka kawo shi aji da gangan ka ce su nemo abin da ya sa ba za a yarda da shi ba.

A jarrabawa me zan tambaya, tunda WAEC da NECO shekaru da sunaye suke so?

Ba su shekarun, dole ne, layin nan na allo su haddace shi. Amma a gwajin aji ka ware maki ko goma ne ga tambaya ɗaya da ba a haddacewa, misali ka kawo sakin layi daga rahoton Bature da baiti biyu daga waƙar mutumin lokacin ka ce wa ya rubuta kowanne, wa yake so ya karanta, me ya faɗa, me kake jin ya ɓoye. Wajen maki kar ka duba ko yaro ya zaɓi ɓangaren da kake so, duba ko ya kawo hujja daga takardar da ke gabansa. In yaran sun fi 80 a aji, kamar yadda yawancinmu muke fama, sa su yi shi rukuni-rukuni na mutum biyar su miƙo takarda ɗaya da sunayensu a baya.